Daga Wardin Faransa Zuwa Badon Yawuri

Tsakanin 1817 da 1824 wani mai zane, Pierre-Joseph Redouté, ya fitar da littafinsa na furannin wardi a birnin Faris, zane kusan 170. Ya daɗe yana aiki a lambun Malmaison na Josephine, matar Napoleon. Attajirai sun sayi littafin don ƙawa, masana tsirrai kuwa ƙaya suke dubawa: yadda ta lanƙwasa, yawan ganyen da ke kowane reshe, da siffar toho kafin ya buɗe. Da irin waɗannan alamomi ake bambanta wannan iri da wancan, har gobe.

Tsirran ƙasarmu ta wata hanya suka shiga littafi. A 1905 wani likita ɗan Sikotlan, John Dalziel, ya zo aiki Arewa, ya yi ta tara ganyaye a Kwantagora, lardin da Yawuri take ƙarƙashinsa a lokacin, da Sakkwato da Katagum. Abin yabawa a wurinsa shi ne ya saurari mutane. A 1916 ya buga ƙamus na sunayen itatuwa da ciyayi da Hausa. Daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma a lambun Kew na Ingila, daga 1927 zuwa 1936, W. E. Trevithick kuma ya yi yawancin zanen.

Aikin zanen ba wasa ba ne. Furen da aka matse tsakanin takardu yakan isa Landan a bushe, launinsa ya dushe. Sai mai zane ya jiƙa shi da ruwan zafi, ya tsaga shi da tsinin allura, ya sa madubin ƙara girma, ya zana da baƙin tawada kawai. An sami daidaito, amma an rasa launi. Bado da ke shimfiɗa ganye a kan ruwa ya buɗe farin furensa, da kariya mai fitar da jan fure da rani ba ko ganye ɗaya a jikinta, ba su sami gatan da wardi ya samu ba, alhali ba su gaza shi kyau ba.

Ita kanta gaɓar Yawuri ta sauya: a 1968 aka kammala madatsar Kainji. Ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai da fadamu, aka tayar da mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa masu noman albasa. Bakin ruwa ya sake kama daga Ngaski har Shanga, ciyawar burugu ta bazu inda a da gonaki ne.

Masunta da makiyaya na wannan gaɓa sun san kowace ciyawa da sunanta da watan da take fure. Mai zanen da zai shiga kwalekwale da su da fenti a hannu, ya zana bado tun bai yi yaushi ba, shi muke jira daga makarantun Yawuri.