Sayen Dutsen Jed da Kayan Jingtailan na Ƙasar Sin a Birnin New York

Duk wanda ya taɓa sauka daga jirgin ƙasa a tashar Canal Street ya bi ta Bowery ko Mott Street, cikin unguwar Sinawa ta Manhattan, ya ga shagunan nan masu gilashi a gaba: gefe guda zinariya, ɗaya gefen kuma awarwaro da zobba da 'yan kunne na wani koren dutse mai sheƙi. A wasu shagunan ga tuluna da kasaken turare masu shuɗin launi, an zana musu furanni da siririyar waya mai ruwan zinariya. Koren dutsen shi ne jed, da Turanci ana rubuta shi jade, Sinawa kuma suna ce masa yu. Shuɗin kayan su ne jingtailan, waɗanda 'yan kasuwar Amurka ke kira da sunan Faransanci, cloisonné.

Abin da ya sa muka ga ya dace a yi bayani shi ne, mun saba da zinariya. Uwa takan sayi sarƙa ta ajiye saboda auren 'yarta, in wata larura ta taso a kai wa mai shago, ya ɗora a sikeli ya biya gwargwadon farashin ranar. Jed ba haka yake ba. Ba a sayensa da nauyi, ba shi da farashin rana, kuma awarwaron dala hamsin da na dala dubu hamsin suna iya zama iri ɗaya a idon wanda bai sani ba.

Menene jed?

Duwatsu biyu ne daban suke amsa wannan suna, kuma sai a 1863 wani masani Bafaranshe, Alexis Damour, ya bambance su. Na farko shi ne nephrite, wanda Sinawa suka yi shekaru dubbai suna sassaƙawa. Mafi shahararsa daga kogunan garin Hotan yake fitowa, a yankin Xinjiang. Farinsa mai laushin gani, wanda suke kira kitsen tunkiya, shi ne mafi daraja a wurinsu, ba koren ba. Bayan Sarki Qianlong, wanda ya yi mulki daga 1736 zuwa 1795, ya ci wannan yanki da yaƙi a 1759, dutsen ya wadata a fadar Beijing, shi ya sa sunan wannan sarki ba ya rabuwa da bakin dillalai. A yau ana haƙo nephrite a Kanada da Rasha da New Zealand, kuma da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan jed na Sin sassaƙarsa kawai aka yi a can.

Na biyu shi ne jadeite, Sinawa na ce masa feicui. Wannan daga Bama yake zuwa, ƙasar da kakanninmu suka je yaƙi, wadda yanzu ake kira Myanmar, musamman ma'adinan Hpakant a jihar Kachin. Bai yawaita a ƙasar Sin ba sai ƙarni na 18. Shi ne mai koren nan mai ɗaukar ido, akwai kuma mai ruwan hoda da fari tas kamar ƙanƙara. Ya fi nephrite nauyi da tauri kaɗan, kuma a kansa ne ake zuba manyan kuɗi. A watan Afrilu na 2014 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wata sarƙar wuya mai ƙwayoyi 27, wadda a da mallakar Barbara Hutton ce, attajirar nan haifaffiyar New York, a kan dala miliyan 27 da ɗoriya a Hong Kong.

A, B da C

Nan ne ake cutar mutane, don haka sai mai karatu ya natsu. 'Yan kasuwa sun raba jadeite gida uku, kuma waɗannan haruffa ba maki ba ne na kyau, bayani ne na abin da aka yi wa dutsen. Nau'in A shi ne wanda ba a taɓa shi da komai ba sai gogewa da ɗan kaki. Nau'in B an jiƙa shi ne a ruwan asid har dattin cikinsa ya fita, sannan aka ɗura masa wata roba mai ruwa ta cike ramukan da asid ɗin ya bari. Yakan fito fes, amma ƙarfinsa ya ragu, kuma da shekaru robar takan koma rawaya. Nau'in C rina shi aka yi. Akwai kuma wanda aka haɗa masa duka biyun. Wannan dabara ta asid da roba ta bazu ne a shekarun 1980, rini kuwa ya girme ta.

Bayan waɗannan akwai abin da ba jed ba ne sam: gilashi, da rinannen dutsen quartz, da wani dutse mai taushi, serpentine, wanda ake yi wa laƙabi da "new jade". In aka ga an ɗora wata kalma a gaban jade, a tambaya da kyau.

Akwai 'yan gwaje-gwajen da ake yi a tsaye a shago. Jed na gaske yana da sanyi da nauyi a hannu. Gilashi yakan nuna ƙananan kumfa a ciki in an haska shi da tocila. Rini yakan taru a cikin tsagogi kamar jijiya, ana gani da madubin ƙara girma. Awarwaron A in aka rataye shi aka ɗan ƙwanƙwasa yakan yi ƙara mai zaƙi, na B kuwa muryarsa a dishe take. To amma duk waɗannan alamu ne, ba hujja ba. Nau'in B mai kyau yakan ruɗi har tsofaffin dillalai, sai na'ura ce ke gano robar. Cibiyar GIA tana da ɗakin gwaji a West 47th Street, layin masu lu'ulu'u, kuma takan ba da takarda ta faɗi ko dutsen jadeite ne da kuma ko an yi masa rini ko ɗuri. Ba ta faɗin farashi, ba ta faɗin shekaru. A ra'ayinmu duk abin da kuɗinsa ya kai hayar gida ta wata guda, kada a biya sai da irin wannan takarda, ko da sharaɗi a rubuce cewa za a mayar da kuɗi in gwaji ya saɓa wa maganar mai shago.

Maganar tsufa ta fi wuya. Dutsen kansa ya yi shekaru miliyoyi ko jiya aka sassaƙa shi, saboda haka ba wata na'ura da za ta ce wannan aikin zamanin Qianlong ne. Masana na duba salon sassaƙa, da sawun kayan aiki, da takardun da ke nuna hannayen da abin ya bi. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. 'Yan uwanmu fataken kayan sassaƙa na Afirka, waɗanda Paul Stoller ya yi rubutu a kan wasunsu a littafinsa Money Has No Smell na 2002, sun san yadda hayaƙi da ƙasa ke mayar da sabon itace tsoho. Sinawa sun riga mu sanin wannan da ɗaruruwan shekaru.

Jingtailan

Matanmu sun san asalin wannan sana'a ko da ba su san sunanta ba. Kwanukan jere na ɗakin amarya, irin waɗanda masana'antun 'yan Hong Kong suka riƙa yi a Nijeriya tun shekarun 1960, garin gilashi ne aka narka a kan ƙarfe. Jingtailan ma haka ne, sai dai aikin hannu ne mai cin rai. Ana ƙera jikin da jan ƙarfe ko tagulla, a lanƙwasa siraran wayoyi a manna su bisa zane, a cike kowane ɗan gurbi da garin gilashi mai launi, a gasa. Garin yakan motse a wuta, sai a ƙara a sake gasawa, sau da yawa. Daga nan a goge har ya yi sumul, a shafa wa wayoyin ruwan zinariya.

Sana'ar ba a Sin ta samo asali ba. Daga yamma ta shigo, ta ƙasashen Rumawa da na Musulmi, wajen ƙarni na 14, kuma wani littafin sanin kayan da, Gegu Yaolun, wanda Cao Zhao ya rubuta a 1388, ya kira ta kayan Dashi, wato kayan Larabawa. Sunan jingtailan ya zo ne daga Sarki Jingtai na daular Ming, wanda ya yi mulki a shekarun 1450, haɗe da kalmar lan, wato shuɗi. An kafa masana'antar Beijing ta wannan aiki a 1956, kuma a 2006 gwamnatin Sin ta sa sana'ar cikin jerin al'adun gado na ƙasa.

Mai saye ya fara juya abin ya duba gindinsa. Dokar harajin Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya, saboda haka duk abin da aka ga an buga masa CHINA bai wuce 1891 tsufa ba, mai MADE IN CHINA kuwa galibi daga wajen 1920 ne zuwa yau. Daga 1950 zuwa 1971 Amurka ta hana shigo da kayan Jamhuriyar Jama'ar Sin. Da aka buɗe ƙofa sai kaya suka kwararo, kuma mafi yawan tuluna da akwatuna da awarwaron jingtailan da ake gani a kasuwannin tsofaffin kaya na wannan gari na shekarun 1970 da 1980 ne. Suna da kyau, suna da araha, ba laifi a saya a yi ado, muddin an biya kuɗin da ya dace da su. Rubutun Sinanci mai sunan Jingtai ko Qianlong a gindi ba shaida ba ne, domin an yi ta kwaikwayonsa a kowane zamani. Tsofaffin na gaske sukan yi nauyi, fuskarsu na da ƙananan ramuka kamar an soka allura, ruwan zinariyar kuma ya goge a inda hannu ke taɓawa. A duba lotsewa da wurin da aka cike da kaki ko fenti, domin gilashin in ya fashe gyaransa ba ya ɓoyuwa.

A lura da kalmomi biyu. A wurin kwastan na Amurka, antique shi ne abin da ya haura shekara 100. Vintage kuwa ba ta da ma'ana a doka, abin da ya shekara ashirin ma ana kiransa haka.

Inda za a je

Kafin a kashe ko sisi, a je a koyar da ido. Gidan tarihi na Metropolitan, a Fifth Avenue, yana da tarin jed sama da dubu da Heber R. Bishop ya ba shi a 1902, kuma mazauna jihar New York suna biyan abin da suka ga dama ne a ƙofa in sun nuna shaidar adireshi. Gidan tarihi na Brooklyn ya karɓi kyautar jingtailan ta Samuel P. Avery a 1909. A watan Maris kuma, lokacin Asia Week New York, kamfanonin gwanjo irin su Christie's da Sotheby's da Bonhams sukan baje kayan da za su sayar, kowa na iya shiga ya kalla kyauta, ya karanta ƙiyasin farashi. Wanda zai yi tayi ya sani akwai lada da ake ɗorawa a kan farashin guduma, wadda takan kai kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, ga kuma harajin sayayya na birni, kashi 8.875 cikin ɗari.

Sabbin kayan ado suna nan a unguwannin Sinawa uku: Manhattan, da Main Street a Flushing, ƙarshen layin jirgi mai lamba 7, da Eighth Avenue a Sunset Park. Tsofaffi kuwa sai kasuwar ƙarshen mako ta West 25th Street da Manhattan Art and Antiques Center a Second Avenue. Ana ciniki a yawancinsu, amma albarka ba ta hana neman rasit. A sa mai shago ya rubuta sunan dutsen, da nau'insa, da shekarun da yake iƙirari. Ƙa'idojin hukumar FTC sun ce a bayyana wa mai saye irin gyaran da ke rage darajar dutse. Dokar New York ta ce shago ya liƙa sharuɗansa na mayar da kaya a inda za a gani, kuma ana kai ƙorafi ta lambar 311.

Doka

Mai saye a cikin gari ba shi da damuwa sosai, amma fatakenmu masu zuwa Guangzhou su kula. Dokar 2008 da ta hana shigo da jadeite na Bama an ɗage ta a 2016, sai dai bayan juyin mulkin 2021 Amurka ta sa wa kamfanin duwatsun gwamnatin ƙasar, Myanma Gems Enterprise, takunkumi. Tun watan Yuni na 2022 kayan da suka fito daga Xinjiang ana ɗaukarsu a matsayin aikin tilas har sai mai kayan ya kawo hujja. Yarjejeniyar Amurka da Sin ta 2009 ta hana shigo da kayan tarihi na zamanin Tang, wanda ya ƙare a shekarar 907, da na gabaninsa, sai da izini. Akwai kuma hauren giwa, wanda akan yi wa wasu mutum-mutumin jingtailan fuska da hannu da shi. Jihar New York ta hana cinikinsa a 2014 in ban da 'yan keɓantattun yanayi, kuma fita da shi daga ƙasa wata rigima ce daban.

Abin wuya da yawa siffar Buda ne ko ta Guanyin, sai wanda ba ya son sa irin wannan ya duba kafin ya biya. Akwai masu siffar gora da ganye da 'ya'yan itace, da zagayayye mai huda a tsakiya.

Awarwaron jed ba ya buɗewa, ana auna faɗin cikinsa ne da milimita, kuma da sabulu ko leda ake zura shi. Wadda za a saya wa a gida a nemi awon hannunta tukuna. Yana jure karce amma in ya faɗi a kan tayil yakan rabe, kuma ba a narka shi a sake kamar zinariya. A nisanta shi da bilic da ruwan zafi, musamman in ba a tabbatar nau'in A ba ne. Kaskon jingtailan yana da kyau ga turaren wuta, amma a zuba toka ko yashi a ciki kafin garwashi, don zafi kai tsaye na fasa gilashin. Kada kuma a ci abinci ko a sha ruwa a cikin kwanukansa, saboda wasu launukan na ɗauke da dalma.