Provins: Birnin da Fatake Suka Ƙaurace Masa

Wanda ya shiga jirgin ƙasa da hantsi a tashar Gare de l'Est ta birnin Faris, kafin awa ɗaya da rabi ya sauka a Provins, kimanin kilomita 90 kudu maso gabas. Gari ne mai shiru, mazaunansa kamar 12,000. Baƙo zai hau tudu a hankali, ya bi gindin ganuwar dutse mai tsawon kusan mita 1,200, sannan tambaya ta zo masa: me ƙaramin gari ya mallaka da har aka yi masa irin wannan katanga?

Amsar tana kasuwa. A ƙarni na 12 da na 13, kasuwanni shida ne ke ci bi da bi a ƙasar Champagne kowace shekara, kowace ta yi makonni: ɗaya a Lagny, ɗaya a Bar-sur-Aube, biyu a Troyes, biyu a Provins, cikin Mayu da Satumba. Fataken Flandre su gangaro da zannuwan ulu, na Italiya su ƙetaro duwatsun Alpes da siliki da kayan yaji, a haɗu a tsakiya. Har yau ana shiga gidan da ake kira Grange aux Dîmes, wanda ƴan kasuwar Toulouse suka yi haya: ƙasa ma'ajiya, tsakiya wurin ciniki, sama masauki.

Sai dai ba dutse ne ya jawo fatake ba. Sarakunan Champagne sun ɗauki alkawarin tsaron duk wanda ya nufo kasuwarsu, shi da kayansa, tun yana kan hanya. Sun kuma naɗa alƙalan kasuwa masu bin bashi. Idan wani gari ya ɓoye wanda ya ci kuɗin mutane, sai a hana dukkan ƴan garin shiga kasuwa. Wannan hukunci ya fi takobi kaifi. Saboda amanar nan ne kuɗin da ake bugawa a Provins ya karɓu nesa, har aka kwaikwaye shi a Roma.

Masu rakiyar baƙi sun fi son labarin furen wardi da ake cewa Thibaud na Huɗu ya kawo daga Gabas, alhali akwai wanda ya fi shi nauyi. A wajen 1280, magajin gari Guillaume Pentecôte ya ƙara wa masu aikin saƙa awa ɗaya a yini don a biya haraji. Suka tashi, suka kashe shi, aka murƙushe su da ƙarfi. A 1284 magajiyar Champagne, Jeanne de Navarre, ta auri wanda zai zama sarkin Faransa, Philippe le Bel. Haraji ya yi nauyi, yaƙi da Flandre ya toshe hanya, jiragen ruwan Italiya kuma suka fara kai kaya Bruges ta teku. Ayari ya canza hanya.

Talaucin da ya biyo baya shi ya adana garin, domin ba a samu kuɗin rushe tsoho a gina sabo ba. A 2001 UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya. Da la'asar, baƙo na iya hawa hasumiyar César ya leƙo majami'ar Saint-Quiriace da ke ƙarƙashinta. An fara ginin a ƙarni na 12 da niyyar doguwar majami'a, kuɗi suka ƙare, daga baya aka toshe gabanta da bango a inda aikin ya tsaya.