Tarihin Tayar Motar Jeji da Sana'ar Faci a Ƙasar Hausa da Bakin Sahara

Motar jeji, wato motar da aka ƙera domin ta bi burji da rairayi da duwatsu inda kwalta ba ta kai ba, ta daɗe tana ɗauke da hidimar karkara a arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, amma ba kasafai ake waiwayar ɓangaren da ya fi kowanne shan wahala a jikinta ba, wato taya da wilin da ake ɗaura ta a kai. Inji yana iya shekaru ba a kwance shi ba, ita kuwa taya kullum tana gogayya da ƙayar aduwa da tsakuwa da zafin ƙasa, saboda haka ita ce take yawan cin aljihun mai mota. Daga wannan buƙata ta sauya taya da gyara ta cikin ƙaramin kuɗi ne sana'ar faci ta samu gindin zama, haka nan kasuwar tsofaffin tayoyi, kuma tarihinsu yana tafe ne kafaɗa da kafaɗa da tarihin tattalin arzikin yankin.

Asalin taya yana komawa ga danƙon wata itaciya ta dajin Amazon a Kudancin Amurka, wanda a ɗanyensa yake narkewa ya yi yauƙi in ya ji zafi, ya kuma sandare in ya ji sanyi. Ba'amurke Charles Goodyear ne ya gano cewa idan aka gasa danƙon tare da farar wuta, wadda ake kira kibiritu, yana yin ƙarfi ya daina narkewa, kuma ya yi wa wannan dabara rajista a shekarar 1844. Daga sunan da Turawa suka ba wannan gashi ne aka samo kalmar balkanaiza da ake kiran mai gyaran taya da ita a kudancin Nijeriya, yayin da Bahaushe ya ɗauki sunan ɗan yankin robar da ake liƙawa a kan huji ya ce faci, ya kira mai sana'ar da mai faci. A shekarar 1888 John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi da ke zaune a Belfast, ya yi rajistar tayar keke mai iska, sannan a 1891 'yan'uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa suka fito da tayar da ake iya cirewa a gyara a mayar ba tare da an manne ta da gam a jikin wili ba. Wannan mataki na ƙarshe shi ne tushen sana'ar faci a duk duniya, domin sai da taya ta zama abin kwancewa sannan gyaranta a bakin hanya ya yiwu.

Lokacin da mota ta fara tunkarar Sahara, masu ƙera ta ba su amince cewa tayar iska za ta iya da rairayi ba. Motoci biyar na kamfanin Citroën da suka tashi daga Tugurt a Aljeriya cikin Disambar 1922 suka isa Tumbutu a Janairun 1923 suna da taya ne a gaba kawai, a baya kuwa an sa musu wata ɗamarar roba mai juyawa irin ta tankar yaƙi. Kamfanin Renault ya bi wata hanya dabam, inda ya ƙera mota mai ƙafa shida, kowace ƙafa da taya biyu, domin nauyin ya bazu a kan faɗin ƙasa. Amma dabarar da ta ɗore ta fi waɗannan duka sauƙi da araha, kuma ana danganta yaɗuwarta da Baturen Ingila Ralph Bagnold, wanda ya ratsa hamadar Masar da Libiya da ƙananan motocin Ford a shekarun 1920 da 1930: a rage wa taya iska idan an shiga rairayi mai laushi, sai cikinta ya baje ya hau saman yashi maimakon ya tona shi, a kuma mayar da iskar da zarar an fito ƙasa mai tauri. Har yau wannan ita ce karatun farko da direban Agadas yake koya wa yaron motarsa, kuma dalilin da ya sa famfo da gejin auna iska ba sa barin mota.

A ƙasar Hausa, jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, kuma cinikin gyaɗa da auduga da ya biyo baya shi ya jawo manyan motoci suka riƙa kwaso kaya daga ƙauyuka zuwa tashoshin jirgi, a kan hanyoyin da yawancinsu na rani ne kawai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne yankin ya samu motar da dukkan ƙafafunta huɗu suke ja, da farko Jeep ta sojan Amurka, wadda daga sunanta kalmar jif ta shigo Hausa, sannan Land Rover ta Ingila da aka fara nunawa a 1948. Land Rover ta zama motar joji da likitan dabbobi da malamin gona da ma'aikatan En'e, ta kuma shiga hannun 'yan kasuwa bayan gwamnati ta yi gwanjon tsofaffin. Daga baya motocin Toyota na Japan, musamman Land Cruiser da akori-kurar Hilux, suka karɓe fagen, har yaƙin da Cadi ta yi da Libiya a 1987 ya samu laƙabin yaƙin Toyota saboda rawar da waɗannan motoci suka taka a Fada da Wadi Dum. A tsaunin Mambila na jihar Taraba kuwa, tsofaffin Land Rover sun ci gaba da jigilar mutane da kayan gona shekaru da dama bayan an daina ganin irinsu a birane.

Abin da ya sa talaka ya iya riƙe waɗannan motoci shi ne sauƙin ƙafafunsu. Wili, wato ƙarfen da'ira da taya take zama a kai, na baƙin ƙarfe ne, wanda idan ya daki dutse ya lanƙwashe ana iya buga shi da guduma ya koma daidai, saɓanin wilin alminiyam na motocin zamani da yake tsagewa a yar. Da yawa daga cikin wilolin Land Cruiser na da suna da zobe a gefe guda, wanda idan aka ɓalle shi da ƙarfe biyu taya takan fita ba tare da inji ba, ko da yake zoben nan yana da haɗari ƙwarai, domin idan bai zauna daidai ba aka hura iska yana iya fizgewa ya yi kisa. Tayar da aka fi amfani da ita siririya ce doguwa mai lamba 7.50-16, inda lambar farko take nuna faɗinta da inci, ta biyu kuma faɗin da'irar wilin da take hawa, kuma da yake manyan Land Rover da Land Cruiser da ƙananan motocin ɗaukar kaya duk suna cin wannan lamba, ana samunta a kusan kowace tasha. Wilin kansa ne ba ya musanyuwa, domin na Land Rover huji biyar gare shi, na Hilux da tsohuwar Land Cruiser kuwa shida.

A cikin wannan taya akwai tub, wato jakar roba mai riƙe iska, kuma a kansa ne aikin mai faci na asali ya ginu. Idan taya ta yi faci, sai ya ciro tub ɗin ya hura shi ya tsoma a ruwa domin kumfa ta nuna inda hujin yake, ya kankare wurin, ya shafa gam, ya ɗora ɗanyar roba, sannan ya matse shi a ƙarƙashin ƙarfe mai zafi har robar ta gasu ta zama jiki ɗaya da tub ɗin. Wannan shi ne facin wuta, kuma a haƙiƙa dabarar Goodyear ce aka ƙanƙanta ta dawo gindin bishiya, sau da yawa da tsohon fistan na inji da ake kunna ɗan kananzir a cikinsa. Idan yagewar ta kai ga jikin tayar, sai a yanko wani yanki daga matacciyar taya a shimfiɗa shi daga ciki ya kare tub ɗin. Sana'ar ba ta da makaranta sai gaban maigida, inda yaro yake fara da ɗibar ruwa da buga famfon ƙafa, ya kai ga kwance taya, kafin a yaye shi ya kafa tasa rumfar a bakin tasha ko kusa da gidan mai. Zuwan tayar tubles, wadda ita kanta take riƙe iska ba tare da tub ba, ya kawo facin cusa igiyar roba daga waje, injin iska kuma ya maye gurbin famfo, amma direbobin jeji da yawa sun ci gaba da ajiye tub a mota saboda ranar da gefen taya zai yage nesa da gari.

Akwai lokacin da Nijeriya take ƙera tayarta. A farkon shekarun 1960 kamfanin Michelin ya kafa masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja ta Legas, suna amfani da danƙon da ake nomawa a yankunan da yanzu suke jihohin Edo da Delta, kuma a zamanin arzikin man fetur na shekarun 1970 sayen sabuwar taya bai gagari matsakaicin mai mota ba. Al'amarin ya juya bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da ya karya darajar naira, sannan a Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, abin da ya ninka farashin kayan waje a Nijar. A wannan tsakani ne tsofaffin motoci da kayan gyara da tayoyi daga Turai suka cika kasuwanni, ana kiransu tokumbo ko Beljiyam ko 'yan Kwatano, bisa sunan tashar ruwan Jamhuriyar Benin da yawancinsu suke sauka. Michelin ya rufe masana'antarsa a 2007, Dunlop ya daina ƙira a 2008, dukkansu suna kuka da rashin wutar lantarki da kwararowar tayoyin waje, kuma tun daga nan kasuwa ta rabu tsakanin sababbin tayoyin Asiya masu sauƙin kuɗi da tsofaffin na Turai, duk da cewa tsohuwar taya tana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta Nijeriya ta haramta shigowa da su.

Illar tsohuwar taya ba ta tsaya ga suɗewar zanenta ba, wato ƙananan kwaruruka da tudun da suke sa ta kama ƙasa. Roba tana tsufa ko ba a yi tafiya da ita ba, tana bushewa ta yi tsattsage, kuma wasu daga cikin tayoyin da ake kawowa an yi su ne domin ƙanƙarar Turai da roba mai laushi da zafin bazara yake saurin cinyewa. Akwai kuma masu sake yanka zane a kan tayar da ta suɗe domin ta yi kama da mai sauran rai, alhali sun ƙara rage kaurin da ke kare wayoyin ciki. Shi ya sa lambar da ke jikin kowace taya take da muhimmanci: tun daga shekarar 2000, lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da haruffan DOT suna nuna mako da shekarar ƙira, ta yadda 2319 take nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa a daina amfani da taya idan ta wuce shekara huɗu daga ranar da aka ƙera ta.

Tsofaffin direbobin jeji sun bar wasu ƙa'idoji na tsimi da suka fi sayen araha amfani. Suna zaɓar wilin ƙarfe ko da na hannu ne, matuƙar bai tsage ba kuma hujinsa ya dace da motar, suna zuba kuɗin da suka rage a kan taya mai kaurin gefe da za ta jure kaya da ƙaya. Ba sa haɗa tayoyi masu bambancin tsawo a motar da ƙafa huɗu suke ja, domin ƙaramar tana juyawa fiye da babbar, wannan kuma yana cin giya da haƙoran aksil, gyaran da ya ninka kuɗin taya. Idan kuɗi bai kai na huɗu ba, sukan sayi biyu iri ɗaya su sa su a aksil guda, sukan kuma riƙa sauya wa tayoyi wuri daga gaba zuwa baya domin su ci daidai, tare da ajiye safaya biyu ga mai shiga Tenere ko hanyar Dirku. Ko bayan taya ta mutu ba a yar da ita, domin daga ita ake yanka takalmi da mazubin abincin dabbobi, daga tub kuma ake ɗinka gugan rijiya da igiyar ɗaure kaya.

Wannan tarihi yana nuna cewa motar jeji ta rayu a yankin ne saboda hannun mai faci da ilimin direban da ya san iskar da ta dace da kowace ƙasa, kuma duk lokacin da aka maye gurbin wannan ilimi da neman mafi ƙarancin farashi kawai, hasarar takan koma kan rayukan fasinjoji. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a sha'anin taya ba ta tsaro. Ya kamata ƙungiyoyin direbobi da na masu faci su mayar da karanta lambar taya da auna iska da geji wani ɓangare na abin da ake koya wa kowane yaro kafin a yaye shi, hukumomi kuma su dubi yadda za a farfaɗo da ƙirar taya a cikin gida, domin ƙasar da take noman danƙo bai dace motocin karkararta su dogara da abin da wasu suka gama amfani da shi ba.