Waƙoƙin tsofaffin fina-finai da kyautar Oscar

Tun daga kan fina-finan shekarar 1934 ne ake bayar da kyautar Oscar a Amurka ga waƙar da ta fi fice a cikin fim.

Waƙar The Continental, wadda Con Conrad da Herb Magidson suka tsara wa fim ɗin The Gay Divorcee, ita ce ta fara lashe kyautar, bayan ta kara da wasu waƙoƙi biyu kacal.

Marubucin baitoci da mai tsara kiɗa ake ba kyautar, ba wanda ya rera ba. Shi ya sa da waƙar Over the Rainbow ta 1939 ta yi nasara, Harold Arlen da Yip Harburg aka ba, duk da cewa da muryar Judy Garland duniya ta san ta.

Yadda ake zaɓe

'Yan sashen kiɗa na cibiyar da ke shirya bikin ne ke fitar da waƙoƙin da za su yi takara, sannan ɗaukacin membobin cibiyar su kaɗa ƙuri'a.

A farkon shekarun 1940 kamfanonin shirya fina-finai ne ke gabatar da waƙoƙinsu da kansu, abin da ya sa waƙoƙi 14 suka yi takara a fina-finan 1945. Daga nan ne aka taƙaita adadin zuwa biyar.

Babban sharaɗi shi ne a rubuta waƙar musamman domin fim ɗin. An tsaurara wannan ƙa'ida ne bayan da The Last Time I Saw Paris ta lashe kyautar 1941, alhali ta riga ta yi kasuwa kafin a sanya ta a fim. Jerome Kern, wanda ya tsara kiɗanta, shi da kansa ya nemi a gyara dokar.

Waƙar As Time Goes By ta fim ɗin Casablanca ba ta shiga takara ba, domin tun 1931 aka rubuta ta.

Waɗanda suka faɗi suka kuma ɗore

Sau da dama waƙar da ta sha kaye ita ce ta fi daɗewa a bakin jama'a.

A fina-finan 1937, Sweet Leilani ce ta kayar da They Can't Take That Away from Me ta George Gershwin da ɗan'uwansa Ira.

Ita ma Unchained Melody ta faɗi a takarar 1955, amma ta sake tashe a 1965, sannan a fim ɗin Ghost na 1990.

A 2004 Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta fitar da jerin waƙoƙi 100 da suka fi fice, inda Over the Rainbow ta zo ta ɗaya, As Time Goes By kuma ta biyu.

Ma'aunin yanke hukunci

Mai son auna irin waɗannan waƙoƙi a yau sai ya dubi rawar da waƙar ta taka a labarin fim ɗin, da halin da ake ciki a lokacin, da kuma ɗorewarta. Ɗorewa kuwa abu ne da masu kaɗa ƙuri'a ba su da hanyar saninsa.

Zamani ma na tasiri. Waƙar birnin Paris ta yi nasara ne a lokacin da birnin ke hannun sojojin Jamus, waɗanda suka mamaye shi a 1940.

Akwai kuma waɗanda aka daɗe ba a dama da su ba. Sai a 1972 ne baƙar fata ya fara lashe kyautar, wato Isaac Hayes, da waƙar fim ɗin Shaft.

Waƙoƙin tsofaffin fina-finan Indiya da masu kallo a ƙasar Hausa suka saba da su ma ba su taɓa samun kyautar ba. Naatu Naatu ta fim ɗin RRR ce waƙar fim ɗin Indiya ta farko da ta lashe ta, a shekarar 2023.