Gahawar Esfireso: Yadda Ake Gane Sabon Gashi Irin Na Italiya

Esfireso wata irin gahawa ce mai kauri da ake haɗawa ta hanyar tura ruwan zafi da ƙarfin inji ta cikin garin gahawa mai laushi, sannan a tare ta a ɗan finjali da bai wuce kurɓi biyu ko uku ba. Asalinta ƙasar Italiya. A 1884 wani mutumin birnin Turin, Angelo Moriondo, ya yi rajistar injin dafa gahawa da tururi, Luigi Bezzera na Milan ya inganta shi a 1901, sai kuma Achille Gaggia ya fito da inji mai hannun ja a ƙarshen shekarun 1940. Injin Gaggia ne ya fara samar da kumfar nan mai launin ƙasa da ke kwanciya a saman finjali, wadda Italiyawa ke kira kirema.

Awon da aka sani a Italiya shi ne giram 7 na gari, a fitar da mililita 25 na gahawa cikin kimanin sakan 25, ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar duniya sau tara. A ɗan wannan lokaci babu aibin da zai ɓuya: idan ƙwayar ta tsufa, ruwan zai zubo tsararo, kumfar ba za ta tsaya ba, ɗanɗanon kuma ya yi lami.

Abin da masu saye da yawa ba su lura da shi ba shi ne Italiya ba ta noma gahawar da take sha. Ɗanya take sayowa daga Burazil da Biyetnam da Indiya da Yuganda da sauransu. Kamfanoni irin su Lavazza, wanda aka kafa a Turin a 1895, da Illy na birnin Trieste, wanda ya fara aiki a 1933, sun yi suna ne wajen gauraye da gashi. Don haka idan aka ce gahawa irin ta Italiya, salon aiki ake nufi, kuma mai gasawa a Legas ko Abuja zai iya bin wannan salo idan ya san sana'arsa.

Gaurayen kan haɗa iri biyu. Arabika ta fi ƙamshi, tana da ɗan tsami da zaƙi. Robusta ta fi ɗaci da kauri, tana ƙara kumfa, kuma sinadarin da ke hana barci, wanda shi ne dai ke cikin goro, ya kusa ninka na arabika sau biyu a cikinta. Mutanen arewacin Italiya sun fi son gashi matsakaici mai rinjayen arabika. A kudu, wajen Napoli, an fi son gashi mai duhu da robusta mai yawa.

A cikin tukunyar gashi, ƙwayar kan yi fashewar farko idan zafi ya kusa digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, ana jin ƙararta kamar ta gugguru. Ta biyu kan zo wajen digiri 225, daga nan maiƙo ke fara fitowa bayan ƙwayar. Gashin esfireso na Italiya yakan tsaya ne dab da fashewa ta biyu ko cikinta kaɗan. Wanda ya zarce har ƙwayar ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi, gawayi ya kusa yi, ko da an rubuta sunan Italiya a jikin ledar. Wasu ma da gangan suke ƙona ta, domin ƙauri na rufe asirin ƙwaya maras kyau.

Ranar gashi ita ce ma'auni mafi muhimmanci, kuma ita ce ba a cika samu a jikin kayan da ake shigowa da su ba. Abin da ake bugawa shi ne ranar ƙarewar wa'adi, wadda kan kai shekara ɗaya ko biyu bayan gashi. Gaskiya ne manyan kamfanoni na da dabarun rufe kaya da ke tsawaita kwanansu, Illy ma cikin gwangwani mai matsin iskar naitirojin take zuba tata. Duk da haka ledar da ta ratso teku, ta yi jira a tashar jiragen ruwa, ta zauna a kanta cikin zafin Kano, ba za a haɗa ta da wadda aka gasa makon jiya ba. Ga kuma tsada: tun da darajar naira ta faɗi, mai saye yana biyan kuɗin canji da na dako a kan abin da rabin ƙamshinsa ya riga ya tafi.

Sai dai sabunta ma tana da iyaka. Ƙwayar da aka sauke daga wuta yau tana cike da iskar da gashi ya haifar, idan aka sa ta a inji nan take sai kumfa ta yi yawa, ɗanɗano ya yi kaifi. Masu sana'ar kan bar ta ta huta kamar mako guda, daga nan zuwa wata ɗaya ko ɗan fiye take kan ganiyarta. Wannan iska ce ta sa ake saka wa ledar gahawa wani ɗan maɓalli mai huda, wanda ke barin ta ciki ta fita ba tare da ta waje ta shiga ba. Ledar da ba ta da shi, ko dai gahawar ta huce kafin a rufe, ko mai ita bai damu ba.

A Najeriya ƙananan masu gasa gahawa sun fi yawa a Legas da Abuja, wasunsu a bayan shagon shan gahawa suke aiki, kuma sukan aika kaya zuwa wasu garuruwa. Akwai masu amfani da arabikar tsaunin Mambila a Jihar Taraba ko ta tsaunin Jos, akwai masu shigo da ɗanya daga Habasha da Ruwanda da Kenya. Mai saye yana da haƙƙin ya tambayi ranar gashi, da ƙasar da ƙwayar ta fito, da yawan robustar da ke cikin gaurayen. Mai gasawa na ƙwarai ba ya jin nauyin waɗannan tambayoyi, sau da yawa ma shi zai ba da a ɗanɗana. Wanda ya fara kame-kame, wataƙila sari ya yi ya sake leda.

Ƙwaya ya kamata a saya, ba gari ba, domin niƙaƙƙiyar gahawa tana rasa ƙamshi cikin ɗan lokaci. Ƙaramin injin niƙa na hannu ya wadatar idan yana iya yin laushin da ake bukata, kuma bai damu da ɗaukewar wuta ba. Kai ta injin unguwa kuwa asara ce, sai ta dawo da warin barkono da citta. Wanda ba shi da injin esfireso zai iya amfani da tukunyar moka da Alfonso Bialetti ya fitar a 1933, wadda ake ɗorawa a kan gas ko risho. Matsinta bai kai na inji ba, amma gashin iri ɗaya ne ya dace da ita.

Wajen ajiya, zafi da danshi da haske da iska su ne masu ɓata ta. Mazubi mai murfi gam a wuri mai sanyi cikin ɗaki ya fi firji, musamman inda wuta ke zuwa tana tafiya, domin raɓar da ke taruwa a jikin ƙwayar tana lalata ta. Ledar giram 250 tana ba da finjali kusan 35 a awon Italiya, wato mai shan ɗaya kowace safiya zai gama da ita cikin mako biyar.