Tsufan Ɓeran Masar a Gidajen Magarya da Dungas: Zafi, Haƙori da Kafson Kasuwa

Rubuce-rubucen da ake samu kan kula da tsofaffin ƙananan dabbobin gida galibi a Turai aka yi su, kuma wasunsu kan hamsta ne, ɗan ɓeran Siriya da masanin dabbobi Israel Aharoni ya kamo kusa da Halab a 1930. Wani binciken Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan da aka wallafa a 2022, kan hamsta kusan 4,000, ya nuna cewa tsaka-tsakin ransa bai wuce wata 21 ba, kuma zawo, cizon 'yan'uwa da zarcewar farce da haƙori na kan gaba a cikin matsalolinsa. Hamsta ba dabbar gidajen Magarya da Dungas ba ce. Mafi kusa da shi a ƙasar Hausa shi ne ɓeran Masar, wanda yara kan ajiye tare da zomaye da tattabaru, kuma yana iya kai shekara 5 zuwa 7. Hujjar wannan nazari ita ce: a kudancin Damagaram, abin da ake kira mutuwar tsufa sau da yawa mutuwar zafi ce, ko ta ƙarancin ganye, ko ta magani.

Asalin dabbar, wato ɓeran Masar, tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka. Ba ta gumi, kuma yanayin da ya dace da ita tsakanin digiri 18 ne da 24. A Afrilu da Mayu zafin jihar Damagaram yakan haura 40. Matashi kan sha da ƙyar. Tsoho mai raunin zuciya da ƙoda ba ya sha. Don haka kejin waya a ƙarƙashin rufin kwano, wanda ake ɗauka ci gaba ne, shi ne mafi munin masauki. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ya fi shi nesa ba kusa ba, musamman idan aka kwantar da tsohuwar tukunya a ciki, ana yayyafa mata ruwa ta waje. Daɓen waya kuma yana gurje tafin ƙafa har ya zama gyambo, tunda tsohuwar dabba kan daɗe a wuri guda. Da hunturu sai a kare ta da zana daga iska da ƙura, a guji shimfiɗar ƙaiƙayi mai shiga hanci.

Batun abinci ya fi sarƙaƙiya, kuma nan ne yankin ke da nasa hali. Jikin ɓeran Masar, kamar na ɗan Adam, ba ya haɗa bitamin C. A kansa ne ma Axel Holst da Theodor Frølich suka gano a Norway, a 1907, cewa rashin ɗanyen abinci na kawo ciwon zubar jinin dasashi da kumburin gaɓoɓi. Da damina ba matsala, ciyawa ko'ina. Da rani kuwa dusar gero ce da harawa, kuma babu ɗayansu da ke ba da wannan sinadari yadda ake bukata. Mai shi sai ya ga dabbar tana jan ƙafa a watan Maris, ya ce shekaru ne, alhali ɗan yankan tattasai ko gwaba a kullum na iya tayar da ita. Lambunan fadamun Korama na samar da irin waɗannan kayan a daidai lokacin da ake bukatarsu.

Harawar wake da ta gyaɗa, waɗanda gundumomin biyu ke da su a wadace, suna da nasu haɗarin. Dangin wake na da yawan sinadarin kalsiyam, tsohon ɓeran Masar kuma yana saurin yin tsakuwar mafitsara. A ganina ya kamata busasshiyar ciyawa ta zama tushen abinci, harawa da zogale su zama ƙari. Ciyawar tana da wani aikin: haƙoran dabbar 20 ne, kuma dukkansu ba sa daina tsiro, saɓanin hamsta da na gabansa kaɗai ke yin haka. Tauna ce ke goge su. Idan aka tausaya wa tsoho aka koma ba shi dusa jiƙaƙƙiya zalla, turamen za su zarce su danne harshe. Alamar ita ce dalalar miyau a haɓa da rama, ga abinci a gabansa.

Sai kafso. Daga Ɗan Cawo zuwa Malawa, kamar sauran kasuwannin kan iyaka da Nijeriya, ana samun maganin mutane a tebur ba tare da takardar likita ba. Amoxicillin, ampicillin da sauran dangin penisilin suna kashe ƙwayoyin hanjin ɓeran Masar masu amfani, zawo ya biyo baya, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Haka suke yi wa hamsta, da zomo idan ta baki aka ba shi. Aikin jami'an kiwo a Magarya, da Dungas da ta zama gunduma a 2011, ya fi karkata ga rigakafin shanu, tumaki, awaki da raƙuma, kuma ba laifinsu ba ne, can arzikin jama'a yake. Duk da haka tambayar likitan dabbobi ta fi zato.

Wani zai ce ana fama da hatsi, wa ke ta ɓera? Amma hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya ɗora alhakin dabba a kan wanda ya killace ta, bai kuma ware ƙarama ba. Iyayen da suka bar yaro ya ajiye ɓeran Masar su duba inuwarsa kafin bazara, su hana shi ɗura masa kafso.