Gudun Babangida: Yadda Zariya Ta Mayar da Na'urar Ɗaki Wasan Dandali

Masu rubuta tarihin wasannin bidiyo sukan kasa shi gida uku. Akwai zamanin manyan akwatuna masu cin kwandala da ake girkewa a wuraren shaƙatawa, akwai zamanin ƙananan na'urorin da ake jona wa talabijin a gida, sannan akwai zamanin kwamfuta. Wannan rabo ya dace da Amurka da Japan. A Zariya kuwa, a kan titin da ya taso daga Sabon Gari ya bi ta Kwangila da Palladan ya dangana da Samaru, zamunan uku sun cakuɗe. Na farko kusan bai iso ba, na biyu ya zo ya ɗauki aikin na farko, na uku kuma ya shigo ta ƙofar ofis. Darajar Naira da wutar lantarki da ƙwallon ƙafa ne suka tsara hakan, kuma su ne suka zaɓa wa matasan wannan yanki wasan da za su fi so.

A 1972 kamfanin Atari ya girke akwatinsa na farko na wasan Pong a wata mashaya da ke garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya. Ba a daɗe ba aka kira injiniya cewa akwatin ya tsaya. Da ya buɗe, sai ya tarar kwandaloli ne suka cika ma'ajin har suka toshe shi. Daga nan kasuwa ta buɗe: Space Invaders a 1978, Pac-Man a 1980, dukansu daga Japan. Sana'ar ta ginu ne kan abu biyu, kwandala mai daraja da wuta mai zama. Nijeriya ta rasa duka biyun a daidai lokacin da ake bukatarsu. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 Naira ta faɗi, shigo da akwati mai tsayin mutum daga waje ya zama sai mai dala. A 1991 an mayar da Naira 1 da kwabo 50 tsaba, amma hauhawar farashi ta cinye su cikin 'yan shekaru, kuma da Babban Banki ya sake fito da tsabar kuɗi a 2007 ko mai rake bai yarda ya karɓa ba. Yaron Palladan da ya san Pac-Man, da wuya a ce a cikin akwatinsa na asali ya san shi.

Abin da ya iso gidaje shi ne kwaikwayon wata na'ura da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan ranar 15 ga Yuli, 1983, mai suna Famicom. Nintendo bai yi wa kasuwar Nijeriya wani tanadi ba, sai masana'antun Taiwan da Sin suka cike gurbin da jabu mai araha. A Rasha ana kiran irinta Dendy, a nan kuma sunan Family Com ya bi ta. Hanyarta ita ce hanyar duk wani kayan lantarki: daga kasuwar Alaba ta Legas ko Anaca zuwa shagunan Sabon Gari, unguwar da tun zuwan jirgin ƙasa ta zama ƙofar baƙin kaya a Zazzau. Kaset ɗinta ruwan ɗorawa ne, a jikinsa an rubuta cewa yana ɗauke da wasanni dubbai, har ma miliyoyi, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sauya suna. Cikinsu akwai Super Mario Bros. na 1985, da Contra, da wasan tankar yaƙi, da na harbin agwagwa mai bindigar roba. Idan kaset ya ƙi tashi a ciro a hura masa iska, a mayar.

Wahalar ita ce talabijin ɗaya ce a gida, kuma ta maigida ce. Iyaye da yawa sun yi imani cewa gem na lalata talabijin, saboda haka ana jona ta ne idan maigida ya fita, a cire kafin labarun ƙarfe tara na NTA. Ga kuma bambancin hali. 'Ya'yan malaman Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Samaru a 1962, da na ma'aikatan Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke gefen Palladan tun 1964, su ne suka fi samun Sega ko Game Boy na asali, domin iyayensu kan je karo ilimi Ingila ko Amurka su dawo da tsaraba. Sauran yara sai leƙe ta taga, ko kuma ƙaramin abin hannu mai allon toka da ake jera tubala a ciki, wanda shi ma kwaikwayon Tetris ne na Alexey Pajitnov, mutumin Mosko.

Wannan gibi ne ya haifi gidan gem. Wani ya lura cewa na'urar da yaro ɗaya ba zai iya saya ba, yara hamsin za su iya hayarta. Shago ɗaya, benci biyu, labule a ƙofa, tsohuwar talabijin 'yar Kwatano, da ƙaramin janareta domin ranar da NEPA ta ɗauke wuta, wato kusan kullum. Injiniyoyin Japan sun ƙera na'urar domin falon gida, mai shago ya mayar da ita akwatin dandali, tafin hannunsa ya maye gurbin ramin kwandala. Da farko wasannin dambe ne suka ja jama'a, Street Fighter II na 1991 da Mortal Kombat na 1992. Jinin da ake zubarwa a na biyun ya sa Majalisar Dattawan Amurka ta yi zaman sauraron bahasi a Disambar 1993, har aka kafa hukumar tantance shekarun masu wasa a 1994. A Zariya hukumar tantancewar ita ce uban da ya ɗaga labule da bulala a hannu.

Sai PlayStation ta fito a Japan ranar 3 ga Disamba, 1994. Ita da faifai take aiki maimakon kaset, kuma faifai abu ne mai sauƙin kwafa. Masu gyaran rediyo suka koyi dasa mata wani ɗan ƙaramin guntu da ke sa ta karanta faifan jabu, farashin wasa ya faɗi ƙasa warwas. Wannan sauyi ya zo daidai da shekarun da ƙwallon Nijeriya ta kai ƙololuwa: kofin Afirka a Tunisiya a 1994, zuwa gasar cin kofin duniya karo na farko a wannan shekara, sannan zinaren Atlanta a 1996, inda aka doke Brazil 4-3 aka kuma doke Ajantina 3-2. Biyu daga cikin ƙwallaye ukun wasan ƙarshe haifaffun Kaduna ne suka ci su, Celestine Babayaro da Daniel Amokachi. A tawagar akwai Garba Lawal da Tijjani Babangida, su ma haifaffun Kaduna.

Kamfanin Konami ya fara fitar da Winning Eleven a 1995, kuma a bugun ƙarshen shekarun 1990 ya bai wa Tijjani Babangida, wanda a lokacin yake Ajax, maki na gudu da ke cikin mafi girma a dukan wasan. Dabarar ba ta da wuya. A danna maɓalli mai kusurwa uku a zura masa ƙwallo ta gefen dama, a danne R1, sauran kuma kallo ne, domin babu mai tsaron bayan da zai kamo shi. Mai sharhin wasan, Jon Kabira, yana kiran sunansa da karin harshen Japan, yara kuma suna maimaitawa a hanyar makaranta. Har yau akwai mutane a Brazil da Indunusiya da ba su taɓa ganin Babangida ya taka leda a fili ba, amma sun haddace sunansa ta wannan hanya. Ga yaron Samaru kuwa al'amarin ya wuce wasa: wani mai suna irin na maƙwabcinsa, daga garin da bai fi tafiyar awa guda ba a mota, shi ne abin tsoro a cikin na'urar da aka ƙera a Tokyo. Masu wayo kan ɗauki Brazil su ciro Roberto Carlos daga baya su kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin bugu, sai gardama ta tashi kan ko hakan halal ne.

Yawancin faifan da ke yawo bugun Japan ne, rubutun da ke allo babu mai iya karanta ko harafi ɗaya. Yara suka haddace shi da ido: sauka uku, danna, dama biyu, ga canjin ɗan wasa. Da sunan ya koma Pro Evolution Soccer a 2001, sai kuma aka saba da ƙungiyoyi masu sunan aro saboda rashin lasisi, Man Red a madadin Manchester United, North London a madadin Arsenal, ƙungiyar da Nwankwo Kanu ya koma a 1999 ya ja mata dubban magoya baya a Arewa. Gidan kallon ƙwallo da gidan gem suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai. Wanda aka ci ƙungiyarsa da yamma yakan je ya rama da yatsunsa da dare. PlayStation 2 ta 2000, wadda aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, ta daɗe a shagunan nan shekaru bayan an daina yayinta a Turai, kuma bugun 2006 mai ɗauke da Adriano na Inter Milan yana cikin waɗanda aka fi tunawa.

Ana iya cewa son ƙwallo ne kawai ya ɗora wannan wasa a kan sauran, amma lissafin mai shago ya fi bayyana dalili. Wasan ƙwallo minti biyar ne ko goma, mutum biyu ne ke zama, kuma dole a san wanda ya ci. Dokar gida ita ce wanda aka ci ya biya ya tashi, wanda ya ci ya zauna, don haka gwani kan yini da kuɗin tara na rana ɗaya. Wasa irin Final Fantasy VII na 1997, wanda duniya ke yabo, yana bukatar awanni arba'in da katin ajiya da karatun dogon labari. Babu mai shagon da zai bar wa mutum ɗaya talabijin na mako guda. Shi ya sa idan aka tambayi ɗan Landan da ɗan Palladan masu shekara ɗaya wasan ƙuruciyarsu, amsoshin kan yi hannun riga.

Gidan gem ya ci kuɗin da ba nasa ba. Ya ci kuɗin cefane da na makarantar Islamiyya, ya ɓoye yara masu kayan makaranta da hantsi, kuma a wasu wuraren “wanda aka ci ya biya” ya rikiɗe ya zama caca tsagwaronta. Iyayen da suka tsane shi suna da hujja. Amma a nan ne ɗan mai shago daga Sabon Gari da ɗan farfesa da yaron gareji suka zauna a benci ɗaya, a garin da rikicin addini ya taɓa a 1987 da 1992, kuma abin da ake tambaya a ƙofa shi ne layin wa ya zo. 'Yan mata ne kaɗai labulen bai buɗe musu ba.

Kwamfuta ta bi wata hanya dabam. Jami'a na da cibiyarta ta kwamfuta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, amma yawancin mutane sun fara taɓa linzami ne a ofis ko a shagunan buga takardu na Samaru, inda ɗalibai ke kai kundin kammala karatu. Microsoft ya saka wasan karta na Solitaire a Windows a 1990 domin ya koya wa ma'aikata ja da saki da linzami, kuma darasin ya karɓu fiye da yadda shugabannin ofis suka so. Dangerous Dave da Prince of Persia sun yi yawo a faifan filofi. Da kwamfutar cinya ta yawaita a ɗakunan kwanan ɗalibai, sai GTA: Vice City da Need for Speed da Zuma suka riƙa tafiya daga filasha zuwa filasha, tare da ƙwayar cutar kwamfuta a matsayin gyara. A can kwalejin jiragen sama kuwa, ɗalibai na zama a gaban na'urar kwaikwayon tuƙi, wadda dangin gem ce ta kusa, sai dai ita faɗuwa a cikinta na shiga takardar sakamako.

Wayar salula, wadda ta fara aiki a Agustan 2001, ita ce ta kai wasa inda gidan gem bai kai ba. Macijin Nokia 3310 shi ne gem na farko ga mata da dattawa da yawa. Yau eFootball, magajin Winning Eleven, da Call of Duty: Mobile na 2019 suna cikin aljihu, abokin karawa kuma yana iya kasancewa a Alƙahira. Gidajen gem na nan da PlayStation 4 da manyan alluna, amma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane minti na janareta ya ƙara tsada.

A duk wannan tarihi Zariya mai saye ce. Kamfanonin gem na Nijeriya, irin su Maliyo da aka kafa a 2012, a Legas suke, kuma ɗaya daga cikin wasanninsa Aboki Run ne sunansa. Waɗanda suka ɗauki tarihin Hausa da muhimmanci daga waje suke. A Agustan 2021 wasan dabarun yaƙi na Age of Empires III ya ƙara Hausawa cikin al'ummomin da ake zaɓa, da Kano a matsayin birninsu, da mayaƙa masu lifidi da ke amsa umarni da Hausa, da Sarauniya Amina a matsayin jagora. A Fabrairun 2025 Civilization VII ya fito da Amina ta Zazzau cikin shugabanninsa, ita da sunanta ke kan ɗakin kwanan ɗalibai mata a Samaru. Farashinsa dala 70 ne lokacin da ya fito, yana son na'ura mai ƙarfi, kuma zama ɗaya na cin awanni masu yawa, abin da babu bencin haya da zai jure.